Gidan jan bulon da aka gina mini a Birnin Kebbi, bayan ya ga bazara ya ga damina

Jama'a assalamu alaikum. Tun da muka tare a gidan nan mutane ba su bar ni na huta ba, wani a masallaci wani a wurin aiki, wani ma haka kawai zai faka mashin a ƙofar gida ya yi sallama ya ce Malam don Allah wa ya yi maka wannan aikin, nawa ka kashe, kuma wai da gaske ne babu zafi a ciki? Ni kuma na riga na ce ba zan buɗe baki ba sai gidan ya sha rana ta bazara guda ya sha ruwa na damina guda, don ranar tarewa kowane gida kyakkyawa ne. To yanzu ya sha duka biyun har hunturu ya leƙo shi, shi ya sa na zauna in rubuta abin da na gani game da yaran da suka yi mini zanen suka kuma tsaya kan ginin. Sunan kamfaninsu ba zan kama ba saboda akwai inda zan yaba akwai inda zan koka, kuma masu tasowa ne, ba na son maganata ta zama sanadin toshe musu hanyar abinci.

Abin da ya kai ni wurinsu zafi ne, ba wani abu ba. Shekara tara muka yi a gidan haya, bulon siminti inci shida, rufin kwano, silin ɗin kuma ƙasa-ƙasa har in ka miƙa hannu sosai kana iya taɓa shi, tagogin falo duk suna kallon yamma. Duk wanda ya san Birnin Kebbi a watan Afrilu da Mayu ya san abin da nake faɗi, zafi kan wuce digiri 40, da la'asar in ka jingina da bango sai ka zabura, fanka kuma in akwai wuta iskar wuta take watso maka. Ƙaramar ɗiyarmu duk bazara sai ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da baya, uwarta ta kwana tana mata fifita tana jiƙa zane tana lulluɓa mata. Da can ina ta da janareta mu samu sa'a biyu uku, amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya koma abin kallo a lungu. A nan na ce wa maiɗakina fulotin nan namu na wajen hanyar Kalgo in Allah ya ba mu ikon gina shi, wallahi ba zan gina irin wannan tandun in zuba iyalina ciki ba.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da su, yara uku ne, ɗaya mai zanen gini, ɗaya mai lissafin kaya, ɗaya kuma shi ke tsayawa kan leburori. Mai zanen shi na fi hulɗa da shi, kowa Injiniya yake ce masa ni ma haka nake ce masa. Abin da ya fara burge ni shi ne ranar farko bai buɗe mini waya ya ce zaɓi ɗaya cikin waɗannan gidajen ba, wanda haka wasu biyu da na fara tuntuɓa suka yi mini, zane guda ne ake ta juya shi daga Abuja har Yawuri. Shi cewa ya yi Malam mu je fulotin. Sau uku muka je. Na farko da sassafe, na biyu bayan la'asar ya tsaya a tsakiyar fili yana kallon inda inuwarsa ta faɗi yana rubutu a ɗan littafi, na uku kuma ba ruwansa da ni, maƙwabta ya bi gida-gida yana tambayarsu in an yi ruwa mai yawa ta ina yake bi, a ina yake kwanciya, kwana nawa yake yi kafin ya tsotse. Wani dattijo ya kama hannunsa ya nuna masa layin da ruwa ya bari a jikin katangarsa tun ambaliyar 2020, shekarar da ruwa ya cinye gonakin shinkafa a jihar nan ya rusa gidaje. Injiniya ya sa tef ya auna tsayin layin nan daga ƙasa. Da wannan awon aka yanke tsayin harsashin gidana.

Sai kuma tambayoyi, har maiɗakina ya sa aka kira. Hajiya a ina kike girki, da itace ko gawayi ko gas, a ina kike shanya, da bazara a ina yara ke kwana, baƙi maza nawa ke zuwa, Inna in ta zo daga Argungu wata nawa take yi. Ita kanta ta yi mamaki don ba a saba tambayar mace komai ba in za a yi gini, sai dai a kai ta ta ga ɗakin girki babu taga.

Da zanen ya fito sai muka yi gardama ta farko. Ni ina son gidan ya fuskanci titi sosai, falo da manyan tagogi na gilashi kamar yadda kowa ke yi, titin kuma yana yamma da fulotin. Ya ce Malam in ka yi haka ka sake gina gidan hayar da ka gudo daga ciki. Ya ɗauki kwalin ashana ya ɗora a tafin hannu ya haska shi da tocilan waya, ya ce rana in tana tsaka kan rufi take duka, wannan rufi zai tare, amma ta safe da ta la'asar a kwance take shigowa ta doki bango kai tsaye, saboda haka gajerun ɓangarorin gida su ya kamata su kalli gabas da yamma, dogayen kuma masu tagogi su kalli kudu da arewa, a zubo musu bakin rufi ya yi musu hula. Kuma hular nan dole ta kasance ta ɓangare biyu don a wurinmu yawancin shekara rana kudu take karkata amma wajen watan Mayu zuwa Agusta takan koma ta arewa. A ɓangaren yamman sai ya jera sito da banɗaki da zaure, wato ɗakunan da ba a kwana ciki su sha ranar su kare sauran. Zauren nan ni da farko na ɗauka ɓarnar fili ce, yau shi ne wurin da na fi zama a gidan, baƙo ya zo a tsaya nan ba sai an ce mata su shiga ciki ba. Tsakar gida kuma ya bar ta da faɗi, ya hana a zuba mata siminti ko intalok gaba ɗaya, ya ce siminti rana yake sha da yini ya amayar da ita da dare, sai aka yi 'yar hanya kawai sauran aka zuba tsakuwa da yashi, aka bar ramin bishiya biyu.

Maganar bulo ita ta tayar da ƙura a dangi. Da na ce da jan bulo na ƙasa za a yi, wanda ake matsewa da inji, sai aka fara Allah sarki, ashe abin ya kai haka, wani ƙanena har ya kira ni a gefe ya ce Yaya in kuɗin siminti ne a yi maka karo-karo mana. A wurin mutanenmu ginin ƙasa alamar talauci ce, wanda ya samu sai ya rushe na ubansa ya sa bulo, kuma ban ga laifinsu sosai ba don sun ga soraye na faɗa wa mutane a damina, sun gaji da yaɓe duk shekara. Wanda ya ba ni mamaki shi ne Kawu, yayan Inna, tsohon magini ne a Argungu ya yi shekaru yana ginin tubali da azara kafin ƙarfi ya ƙare. Shi bai ce a'a ba bai ce e ba, cewa ya yi a kawo masa yaron. Na ɗauki Injiniya muka je. Ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ina wuni, sannan ya fito da waya yana nuna masa hotuna. Ya nuna masa makarantar firamaren da Francis Kéré ya gina a ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001 da bulon ƙasa, mutumin da a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, wadda ita ce babbar kyautar masu zanen gini a duniya. Kawu ya ce Gwandu? Ya ce a'a Baba, Gando, wata ƙasa ce daban. Sannan ya nuna masa na kusa da mu, masallacin Dandaji a jihar Tawa ta Nijar, garin Hausawa, wanda Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka zana aka gama a 2018, sabon masallacin da irin wannan bulon aka yi shi, tsohon na ƙasa kuma ba a rushe ba aka gyara shi ya koma ɗakin karatu. Kawu ya daɗe yana kallon hoton nan yana matso da shi kusa da ido. Ya ce to ai mu ma ga tsohuwar fada nan da aka mai da gidan tarihin Kanta, ga masallacin Zariya na Babban Gwani, duk ƙasa ce. Sai ya ɗaga yatsa ya ce amma yaro ka ji, ruwanmu daga gabas shika tahowa da iska, wanga bango na gabas shi aka hwara tsarewa, mu makuba muka sa mishi. Injiniya ya ce to Baba, in sha Allahu. Ku riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

Yadda suka zaɓi ƙasar ma abin kallo ne. Wuri uku suka ɗebo samfur, kowanne aka zuba a gorar ruwa ta roba aka cika da ruwa da ɗan gishiri aka girgiza aka ajiye. Washegari sai ga ta ta rabu hawa-hawa, tsakuwa da yashi a ƙasa, laushin a tsakiya, yumɓu a sama. Ta fulotina yashi ya yi mata yawa ba ta kama jikinta, ta wani wuri kusa da fadama kuma yumɓu ya yi yawa in ta bushe tsagewa za ta yi, sai ta ukun, jan birji daga wani ramin haƙa da bai fi tafiyar minti ashirin da tifa ba, ita ta yi daidai. Ana tankaɗe ta da babbar raga, a gauraya da siminti kaɗan, abin da bai wuce kashi 5 zuwa 8 cikin 100 ba, a yayyafa ruwa ba a kwaɓa ba. Gwajinsu shi ne a dunƙula a hannu a sake ta daga tsayin ƙirji, in ta fashe gida huɗu ko biyar ruwan ya yi, in ta watse kamar gari ya yi kaɗan, in ta zauna a dunƙule ya yi yawa. Sai a zuba a injin hannu mutum biyu su danne ƙarfen, bulo ya fito da kaifin baki kamar sabulu. Ba a ƙona shi, ba a sare itace ko ɗaya saboda shi. Ana jera shi a lulluɓe da leda ana ba shi ruwa, kuma sai ya yi kwana 28 kafin simintin ciki ya gama kamawa.

To a nan matsala ta farko ta faru kuma laifinsu ne. A tsakiyar hunturu aka fara bugawa, iskar nan mai busar da leɓe, shi kuma mai tsayawa kan leburori ya tafi wani aikinsu a wani gari ya bar yara ba mai duba su, ledar ta yaye ba a mayar ba, ruwan da za a ba bulo safe da yamma aka riƙa ba shi sau ɗaya ko ma a manta. Da na zo ranar Asabar na ɗauki ɗaya na murza gefensa da babban yatsa sai ya riƙa zubowa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kira Injiniya na ce zo ka ga abin da ka sa na yi gardama da dangina a kai. Ya zo, bai yi musu ba, ya jiƙa guda biyar a bokiti suka kwana, uku suka ɓare. Ya ware duk bugun kwanakin nan ya ce ba za su shiga bango ba, an yi cikon harsashi da su. Simintin da ya tafi a ciki su suka biya, amma kuɗin tifa da na ruwa da na leburori ni na sake biya, kuma mun yi asarar kusan wata guda. Har yau ina ganin rabin wannan ma ya kamata su ɗauka.

Matsala ta biyu birkiloli. Namu na nan sun saba da bulon siminti inda in layi ya karkace filasta za ta rufe asiri, shi kuwa wannan ba filasta a waje, abin da ka jera shi duniya za ta gani. Sau biyu ana rushe bangon falo daga tsayin gwiwa. Birkila ɗaya ya yi fushi ya ajiye cokalinsa ya tafi, sai da suka ɗauko wani daga nesa ya zauna sati biyu yana koya wa sauran. Aikin da aka ce mini wata bakwai sai da ya ci wata goma sha ɗaya, ni kuma ina can ina biyan haya.

Batun kuɗi kuma bari in faɗi gaskiya don shi aka fi tambayata. A bakinsu na farko sun nuna mini kamar zan rage kuɗi sosai. E, siminti na rage, kuma na ji daɗin hakan don muna tsakiyar aiki a farkon 2024 buhu ya haura naira dubu 10, masu gini da yawa a layinmu suka tsaya cak mu muka ci gaba. Ban yi filastar waje ba, ban sayi fenti na waje ba. Amma abin da na rage a nan ya koma can, harsashi mai tsayi na dutse da kankare da leda a ƙarƙashin bango don kada danshi ya hau, bango mai kauri, rufi mai faɗin baki wanda ya ci kwano da ƙarfe fiye da na kowa, ga ladan ƙwararren birkila, ga ruwan 'yan ga-ruwa. In aka haɗa aka raba, abin da na kashe bai yi nisa da na maƙwabcina mai ɗaki iri ɗaya ba. Duk wanda ya ce maka rabin kuɗi za ka kashe, ka ce ya rubuta ya sa hannu. Sauƙin yana zuwa ne bayan an tare. Injiniya yakan ce siminti kaɗai ke da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin carbon da ke ɗumama duniya, kuma na yarda abin dubawa ne don mu da ke bakin hamada mu muka fi jin jiki, amma ni a lokacin abin da ke gabana shi ne wuyan ɗiyata.

Rufin shi ne inda na ce kuɗin zanen da na biya halal ne. Kwano ne dai kamar na kowa, fari mai haske, amma ba a kifa shi kan bango ba, an ɗaga shi a kan ƙarafa an bar rata tsakaninsa da silin ta yadda iska ke ratsawa ta wannan gefe ta fita ta wancan ta kwashe zafin kafin ya sauko, an kewaye ratar da raga saboda tsuntsaye da jemagu. Silin ɗin kansa yana da tsayi, kuma can sama kusa da shi akwai ƙananan kafofi a bango, zafi ya tashi ya fita ta nan, sanyi ya shigo ta tagogin ƙasa, kowane ɗakin kwana taga biyu masu kallon juna. Injiniya ya so ya shimfiɗa buhunan ɓuntun shinkafa a kan silin tunda ga shi nan tuli a injinan casa ba mai so, ni na ƙi saboda tsoron ɓera da gobara, bai matsa ba.

Bazarar da ta wuce ita ce jarrabawar. Ba zan ce muku gidan kamar mai esi ba ne, ƙarya ne. Amma ƙarfe uku na rana in ka shigo daga waje kamar ka shiga tsohon soron kakanni, irin sanyin nan mai nauyi da ke sauka a kafaɗa. Na sa tafin hannu a bangon ɗakin kwana da la'asar na ji shi kamar gefen randa. Wata rana a watan Afrilu ba wuta tun safe na dawo na tarar da ƙaramar tana barci a tabarma a falo, ba fanka ba fifita, wuyanta a bushe, na tsaya na daɗe ina kallonta. Bana ba ta yi ƙuraje ba. 'Yar solar da na sa, fanel biyu da batir ɗaya, ta riƙe mana fanka da fitilu da cajin waya, janareta kuwa na sayar. Sai dai akwai abin da ba su gaya mini ba sai da na gano da kaina, bango mai kauri zafin da ya hana shiga da rana ba ɓacewa yake ba, ajiye shi yake ya sako shi wajen ƙarfe goma na dare. Satin farko mun sha wahala don mun saba rufe ko'ina da magariba saboda sauro. Da na yi wa Injiniya ƙorafi ya ce ai juyawa za ku yi Malam, da rana a rufe tagogi da dare a buɗe duka, ragar sauro na nan. Muka gwada, ya yi. Amma wannan magana ce ta ranar miƙa makulli ba sai an kira shi ba. Kuma duk da haka akwai dare biyar ko shida a watan Mayu kafin ruwan farko da iska ta tsaya cik, muka fito da katifu tsakar gida kamar kowa, bambancin kawai ƙasan ba ta ƙuna.

Sai damina. Ruwan farko mai iska da aka yi da dare na kasa barci, na ɗauki tocila ina zagaya gida. Ta ɓangaren ƙasa alhamdu lillahi, layin ya cika ya zama gulbi, ruwa ya shiga gidaje biyu a gefenmu, namu ko matakala ta biyu bai kai ba, lambatun da suka zagaye gidan da shi ya kwashe na tsakar gida ya kai ramin bishiyoyi sauran ya fita. Na rufi kuma indararo ke tara shi ya zuba a tanki. Lissafin mai sauƙi ne, ruwa milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, to rufin da ya kai murabba'in mita 120 in aka yi ruwa na milimita 20 ya ba ka lita 2,400 a dare guda. Akwai ɗan bututun da ke zubar da ruwan farko mai ƙura da kashin tsuntsu kafin mai kyau ya shiga. Tun daga Yuli har ƙarshen Satumba maiɗakina ba ta sayi ruwan wanki ba, kuma nadamata ɗaya ce a nan, da na sani tanki biyu na saya.

Amma bangon gabas. Maganar Kawu ta tabbata. Bakin rufin wannan gefen sun yi shi gajere fiye da na kudu da arewa don su hankalinsu na kan rana, ruwa kuwa da iska ya zo a kwance ya riƙa dukan bangon, kafin Agusta ta ƙare layi huɗu na ƙasa sun yi duhu, bakin wasu bulon ya fara cinyewa, a cikin ɗakin yara fenti ya kumbura wuri ɗaya kamar faɗin faranti. Na ɗauki hoto na tura wa Injiniya. Washegari ya zo, ya tsuguna ya daɗe yana shafa wurin, ya ce Malam Baba ya faɗa mini ban ba maganar nauyinta ba. Sun ƙara wa rufin gabas baki, sun yi wa bangon filasta daga ƙasa zuwa tsayin ƙugu, kuɗin aiki nasu kuɗin kaya nawa. Da na kai wa Kawu labari bai yi dariya ba, cewa ya yi a dasa dogon yaro biyu ta wannan gefen su riƙa karya iskar, amma nesa da bango saboda saiwa. Mun dasa, sun kai ƙirjina yanzu, na kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Sauran ƙananan abubuwa. Da hunturu kafofin saman nan ƙura suke shigowa da ita sosai, sai da kafinta ya yi musu murfin katako da ake rufewa, wannan ma da an yi tunaninsa tun farko. Ƙusa ba ta shiga bangon yadda aka saba, in ka dage sai gefen bulo ya ɓalle, sai an huda da inji. Gara ban gani ba tukuna, sun yi feshi a harsashi kuma katako bai taɓa ƙasa ba, ina dai dubawa. Bututun ruwa duk a waje suka bi da su ba cikin bango ba, ni da farko na ga bai yi kyau ba, amma da famfon banɗaki ya fara yoyo a ranar muka gani aka gyara ba a fasa komai ba.

Masu tambaya ko in ba su lambar yaran, ina bayarwa, amma da sharaɗi nake bayarwa. Ina cewa ka sa a rubuta a takarda wa zai biya in bulo ya lalace, ka sa a rubuta cewa mai kula da aiki ba zai bar wurin ba ranakun bugun bulo, kada ka biya kuɗi gaba da aiki, ka ce su gina maka ɗan bango na gwaji ka watsa masa ruwa da tiyo ka gani da idonka, kuma in kana da tsohon magini a danginku ka zaunar da su gabansa ka tabbatar abin da ya faɗa ya shiga zane ba a bar shi a in sha Allahu ba. Wanda kuma ya ce shi sam ba ya son jan bulo, to ko da na siminti zai yi ya biya su kuɗin zanen kawai, su juya masa gidan daidai da rana, su ɗaga masa rufi, su auna masa hanyar ruwa, don a ganina fiye da rabin sanyin gidana daga nan ya fito, kuma wannan ɓangaren aikin nasu ban samu abin kushewa a ciki ba in ban da gefen gabas.

Ƙanen nawa da ya ce a yi mini karo-karo ya zo da azumi ya yi barcin rana a zaure har aka kira la'asar bai motsa ba, da zai tafi ya tambaye ni ko birjin nan akwai saura a ramin. Yanzu ɗakin Inna ya rage, a kusurwar kudu inda aka bar masa wuri tun a zane, na riga na yi magana da Injiniya za mu fara bugun bulo da zarar an gama girbi, kuma wannan karon na ce masa a ƙarƙashin rumfa za a jera su, ledar kuma ni zan riƙa zuwa da kaina bayan sallar asuba ina dubawa.